Mudu Biyu a Hannu Ɗaya: Thomas Jefferson a Matsayin Matarkin Adabi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa nazarin tarihin Amurka ya san Thomas Jefferson (1743-1826) a matsayin wanda ya tsara Sanarwar 'Yancin Kan ƙasar ta 1776, kuma shugabanta na uku. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne mutumin ya taɓa sanya rigar matarkin adabi, ya kuma shafe shekaru kusan talatin yana tattara kalmomin harsunan da babu mai rubuta su. A cikin Notes on the State of Virginia, wanda ake ɗauka shi kaɗai ne cikakken littafin da ya wallafa, ya yanke hukunci a kan fasahar 'yan asalin ƙasar Amurka da kuma ta baƙaƙen fata. Wannan maƙala za ta bi sawun waɗannan hukunce-hukunce domin a ga irin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Za a nuna cewa Jefferson ya riƙe mudu biyu, kamar ɗan kasuwar da ke da mudun saye daban da na sayarwa: inda bincike zai wanke ƙasarsa sai ya bi ƙa'idar hujja sau da ƙafa, inda kuwa binciken zai taɓa dukiyarsa sai ya ajiye ƙa'idar ya yi hukunci da ka.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Jefferson ranar 13 ga Afrilu, 1743, a Shadwell cikin Bajiniya, a gidan masu gandu da bayi. Ya yi karatu a Kwalejin William da Mary, inda wani malami ɗan Sikotilan mai suna William Small ya buɗe masa ƙofar falsafar Zamanin Wayewar Kai, wato tafarkin masanan Turai na ƙarni na 18 da suka ce hankali da gwaji su ne alƙalai a kan kowace magana. Daga nan ya koyi aikin lauya a hannun George Wythe. A lokacin wannan karatu ne, cikin 1765, ya sayi fassarar Alƙur'ani ta Ingilishi wadda George Sale ya yi. Ya yi gwamnan Bajiniya (1779-1781), jakada a Faransa (1785-1789), sakataren harkokin waje, mataimakin shugaba, sannan shugaban ƙasa daga 1801 zuwa 1809. Shi ya tsara dokar 'yancin addini ta Bajiniya wadda aka zartar a 1786, ya kuma kafa Jami'ar Bajiniya wadda aka buɗe a 1825. Littattafansa 6,487 da ya sayar wa Majalisar Dokoki a 1815 su ne aka sake gina ɗakin karatunta a kansu. A tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi fiye da 600. Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, shekara hamsin cif bayan Sanarwar.

3.0 Mudu na Farko

Asalin littafin Notes amsoshi ne. A 1780 sakataren ofishin jakadancin Faransa, François Barbé-Marbois, ya rarraba wasu tambayoyi game da jihohin Amurka. Jefferson ya amsa na Bajiniya a 1781, ya yi ta faɗaɗa su har suka zama babi 23. An buga kwafe 200 a Faris a 1785 don rabawa abokai, sannan John Stockdale ya buga wa jama'a a Landan a 1787. Zubin littafin na mai ƙididdiga ne: koguna da tsawonsu, ma'adinai, yanayin sama, yawan jama'a, dokoki. Salon kuwa na lauya ne da ya saba jera shaidu kafin ya nemi hukunci.

Inda wannan salo ya fi haske shi ne babi na shida. Babban masanin halittu na Faransa, Buffon, ya yi da'awar cewa danshi da sanyin nahiyar Amurka suna tsumburar da duk wani mai rai, dabba da mutum. Jefferson bai tsaya ga musu ba. Ya kawo jadawali na dabbobin nahiyoyin biyu da nauyin kowace, ya tambayi ko matafiyan da Buffon ya dogara da su sun auna dabbobin ko kuwa ido kawai suka yi musu. Bai gamsu da rubutu kaɗai ba, har sai da ya sa Janar John Sullivan ya aiko masa da fata da ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba mai kama da gwanki, wadda ake kira mus, aka kai su Faris a 1787. Gani ya kori ji.

Da ya zo kan 'yan asalin ƙasa, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, sai ya kafa wata ƙa'ida mai kyau: kafin a auna basirar wata al'umma dole a lura da halin da take ciki, musamman rashin rubutu a cikinta, a kuma nemi fasahar a fagen da al'ummar ta tanadar mata. Ga 'yan asalin ƙasa wannan fage shi ne jawabin taro. Misalin da ya kawo shi ne jawabin Logan, wani jagoran Mingo da Turawa suka kashe wa iyali a 1774, ya kuma ƙalubalanci mai karatu da ya nemo abin da ya fi shi a cikin jawaban Demosthenes da Cicero. Ya kamata manazarci ya lura da yadda jawabin ya iso. Logan bai rubuta shi ba. Ya faɗa wa John Gibson ne da baki, Gibson ya mayar da shi Ingilishi ya kai wa gwamna Dunmore, daga nan ya shiga jaridu. Adabin baka ne da ya biyo ta hannun tafinta, amma Jefferson ya karɓe shi a matsayin cikakkiyar shaida. Da Luther Martin ya tayar da ƙura a 1797 cewa jawabin ƙagagge ne, Jefferson, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya bi shaidu ɗaya bayan ɗaya ya karɓi rantsuwarsu, ya buga su a matsayin rataye a 1800.

Ba a rasa abin cewa game da wannan yabo. Kare Logan kare martabar iskar Amurka ne daga Buffon, kuma yabon bai hana Jefferson, da ya hau mulki, bin manufar raba 'yan asalin ƙasa da filayensu ba, har ya ba da shawara a 1803 cewa a bar manyansu su ci bashi a kantunan gwamnati don su biya da ƙasa. Duk da haka, ta fuskar hanyar nazari, aikin ya tsayu da ƙafafunsa.

3.1 Mai Tattara Kalmomi

A babi na goma sha ɗaya Jefferson ya bayyana ra'ayin cewa harshe shi ne mafi ƙarfin shaidar dangantakar al'ummu, ya kuma nuna takaicinsa cewa an bar ƙabilu da dama sun ƙare ba a adana ko da ginshiƙan harsunansu ba. Ya ba da shawarar a tattara sunayen abubuwan da kowace al'umma ke da su, tare da yadda suna da aikatau suke sauyawa, a ajiye a ɗakunan karatu. An buga wannan shekara guda kafin laccar Sir William Jones ta Kalkata (1786) wadda ake ɗauka mafarin kwatanta harsunan Indiya da Turai. Daga baya ya buga takarda mai jerin kalmomi kimanin 280 da gurbin cikewa, ya rarraba wa jami'ai da matafiya, ciki har da Lewis da Clark. Shi da kansa, a watan Yuni 1791, tare da James Madison, ya zauna da wasu tsofaffin mata na ƙabilar Unkechaug a Long Island ya rubuta kalmominsu. Ya tara jeri kusan hamsin. A 1809, ana mayar da kayansa gida ta Kogin James, ɓarawo ya sace akwatin yana zaton dukiya ce, da ya ga takardu sai ya watsa su cikin ruwa. 'Yan warƙoƙi kaɗan aka tsinto cikin laka.

Ra'ayinsa game da Ingilishi ma na mai sassauci ne. Ya goyi bayan ƙirƙirar sababbin kalmomi, yana ganin amfanin jama'a ne ke halatta kalma, ƙamus kuwa ma'ajiya ce kawai. Ya sanya tsohon Ingilishi na Angulo-Sakson cikin manhajar jami'arsa. A 1786 ya rubuta wani nazari a kan karin waƙar Ingilishi, inda ya nuna cewa a kan nauyin gaɓa take tafiya, saɓanin ta Girkanci da Latin da ke tafiya a kan tsawonta. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin ya tabbatar da cewa mutumin yana da kayan aikin tarken waƙa a hannunsa.

4.0 Mudu na Biyu

Babi na goma sha huɗu na dokokin Bajiniya ne. A cikinsa Jefferson ya kawo shawarar a 'yanta bayi sannu a hankali, sannan a kwashe su a kai wata ƙasa. Da ya zo bayyana dalilin da zai hana a zauna tare, sai ya ratse zuwa kwatanta jinsi. Ya ce baƙaƙe sun yi daidai da farare wajen hadda, amma sun gaza wajen tunani, har yana ganin da wuya a sami ɗaya da zai iya bin lissafin Euclid. Wajen ƙirƙira kuwa ya ce ba su da armashi. Ya ƙara da cewa bai taɓa jin baƙin mutum ya furta tunanin da ya wuce ba da labari tsurarsa ba. A nan ne ya ci karo da Phillis Wheatley.

An kamo Wheatley daga Afirka ta Yamma tana 'yar shekara bakwai ko takwas, aka sauke ta a Bostan a 1761, aka raɗa mata sunan jirgin da ya kawo ta da na ubangidan da ya saye ta. Ta koyi Ingilishi da wani abu na Latin. A 1770 marsiyyar da ta yi wa mai wa'azi George Whitefield ta bazu har Ingila. A 1773 aka buga diwaninta a Landan, Poems on Various Subjects, Religious and Moral, ɗauke da takardar shaida wadda manyan Bostan goma sha takwas suka sa wa hannu, cikinsu har da gwamna Thomas Hutchinson da John Hancock, cewa ita ce ta yi waƙoƙin. Voltaire ya ambace ta a 1774 a matsayin hujjar cewa baiwar waƙa ba ta zaɓen launi. George Washington ya amsa mata wasiƙa a 1776 yana yaba waƙar da ta yi masa. Ta rasu cikin talauci a watan Disamba 1784, 'yan watanni kafin a buga Notes.

Hukuncin Jefferson a kanta bai wuce jimloli uku zuwa huɗu ba. Taƙaitawarsa ita ce addini ya iya samar da mace irinta amma bai iya samar da mawaƙiya ba, kuma abubuwan da aka buga da sunanta ba su kai darajar a tarke su ba. Ya rufe da habaici da ya aro daga waƙar zambo ta Alexander Pope. Ko sunanta ma bai rubuta daidai ba.

Idan aka ɗora wannan a kan babin Logan, bambancin ya fito fili ta fuskoki da dama. Logan an kawo jawabinsa dungum don mai karatu ya yi wa kansa alƙalanci. Wheatley ba a kawo ko ɗango ɗaya nata ba. Babu magana a kan kari, ko amsa-amo, ko jigo, ko siffantawa, alhali marubucin ya san waɗannan abubuwa. An yi wa Logan rangwamen rashin rubutu. Ita kuwa rubutun da ta koya ne aka mayar abin tuhuma, domin Jefferson ya ce zaman baƙaƙe kusa da Turawa dama ce da suka samu suka kasa amfana da ita, kamar dai zaman bawa a gindin teburin ubangidansa makaranta ce. Sai kuma lafazin nan na cewa an buga waƙoƙin da sunanta. Lauya ne ke magana, kuma ya san abin da yake yi. Ya buɗe wa kansa ƙofa biyu: in waƙoƙin ba su da kyau, sun tabbatar da gazawar jinsinta, in suna da kyau, to wataƙila ba ita ta yi ba. Da'awar da kowace irin shaida ke ƙarfafa ta, ta fita daga da'irar bincike. Mutumin da ya bi shaidu har gida don Logan ya tsallake sa hannun mutum goma sha takwas da ke manne a goshin littafin, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne ya fara sa hannu a Sanarwar da shi Jefferson ya tsara.

Akwai wani abin ban dariya a nan. A shekarar da aka buga diwanin Wheatley, wato 1773, Jefferson ya rubuta wa wani ɗan'uwan James Macpherson wasiƙa yana cewa Ossian, tsohon mawaƙin Sikotilan da Macpherson ya ce ya fassara, shi ne mawaƙin da ya fi kowa a tarihi. Har ya roƙi a aiko masa da asalin waƙoƙin da nahawu da ƙamus don ya koyi harshen. Tun a lokacin masana irin su Samuel Johnson suna shakkar aikin, daga baya kuma ta tabbata cewa mafi yawansa Macpherson ne ya ƙaga. Shakkar da ta dace da Ossian ita aka kai ƙofar Wheatley.

Wannan ba ya nufin waƙoƙin Wheatley sun fi ƙarfin suka. Mai tarke na gaskiya zai iya cewa ta ɗaure kanta da zubin ƙwar biyu irin na Pope har muryarta takan ɓace a ciki, marsiyyoyinta kuma suna maimaita lallashi iri ɗaya, kuma yabon manya ya yi mata yawa. Zai kuma ga abin da ke hannun dama: yadda ta sarrafa labarin Niobe daga Ovid, da yadda a waƙarta ga Dartmouth ta danganta ƙaunarta ga 'yanci da fizge ta da aka yi daga hannun mahaifinta, da yadda a waƙar buɗe diwanin ta jingina kanta da Terence a matsayin ɗan Afirka da ya riga ta. Duk wanda ya bi wannan hanya, ko ya yabe ta ko ya kushe ta, ya yi tarke. Jefferson kuwa ya ayyana cewa tarken bai kamata ba, ya kuma ɗauki wannan ayyanawa a matsayin sakamakon tarke.

Batun Terence ya sake ɓullowa ta wata fuska. Don ya nuna cewa bauta ba ita ce ta danne basirar baƙaƙe ba, Jefferson ya ce bayin Rum sun fi shan wuya amma sun fitar da Epictetus da Terence da Phaedrus, kuma waɗannan farare ne. Terence dai haifaffen Kartaj ne, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, kuma laƙabinsa na Latin yana nufin ɗan Afirka. Ko a bar maganar launinsa, kwatancin ya karye ta wani wuri: ubangidan Terence ya ilimantar da shi ya 'yanta shi, Rum kuma ta karɓi 'yantaccen bawa a matsayin ɗan ƙasa, abin da Jefferson yake faɗa a wannan babi cewa ba zai yiwu a Bajiniya ba. Ignatius Sancho, wanda aka buga wasiƙunsa a Landan a 1782, ya ɗan fi samun sarari: an yarda yana da zuciya mai kyau, aka ce tunaninsa ba shi da linzami, sannan aka sake saka shakkar ko wani ya gyara masa rubutun.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Jefferson ya kira matsayinsa zato ne kawai, ya kuma ce irin wannan hukunci yana buƙatar dogon bincike. A babi na goma sha takwas ya yi magana mai zafi a kan yadda bauta ke lalata tarbiyyar iyayengiji, da tsoron da yake ji wa ƙasarsa in ya tuna adalcin Allah. Haka kuma ba shi kaɗai ba ne a zamaninsa. David Hume ya riga shi kwatanta mawaƙin Jamaika Francis Williams da aku. To amma zato ana gane gaskiyarsa ne ranar da shaida ta zo. A watan Agusta 1791 Benjamin Banneker, baƙar fata ɗa daga Merilan wanda ya taya Andrew Ellicott awon filin sabon babban birni, ya aika masa da lissafin taurari na kalandar 1792 da rubutun hannunsa, tare da wasiƙar da ta tuna masa kalmominsa na 1776. Jefferson ya amsa da ladabi, ya kuma tura lissafin ga Condorcet a Faris. A 1809 Henri Grégoire ya aiko masa da littafinsa na 1808 a kan adabin baƙaƙe, wanda ya tattara tarihin mutane irin su Anton Wilhelm Amo, ɗan yankin Axim a Gana ta yanzu da ya sami digirin falsafa a Wittenberg a 1734. A amsarsa Jefferson ya faɗi magana mafi kyau da ya taɓa faɗa a kan batun, cewa yawan basira ba shi ne ma'aunin haƙƙi ba, kuma fifikon Newton bai mayar da shi ubangidan kowa ba. Watanni kaɗan bayan haka, a wasiƙarsa ga Joel Barlow, ya ce amsar lallashi ce kawai ya ba Grégoire, ya kuma sake zargin cewa Ellicott ne ya taimaki Banneker. Shekara ashirin da huɗu bayan Notes, zaton yana nan inda aka bar shi.

5.0 Harsunan da Ba a Tambaya Ba

Ga masu nazarin harshe, giɓin da ya fi girma ba a cikin abin da Jefferson ya rubuta yake ba. Mutumin da ya tafi Long Island neman kalmomi a bakin tsofaffi, ya aika takardar tambaya har gaɓar Tekun Fasifik, ba a san ya taɓa miƙa wannan takarda ga ɗan Afirka ko ɗaya ba. Gaskiya ne a lokacinsa yawancin bayin Bajiniya haifaffun can ne, amma sai a 1778 jihar ta hana shigo da bayi, don haka waɗanda aka haifa a Afirka suna nan da rai. A wani ɗan sharhi na ƙasan shafi ya ambaci cewa kayan kiɗan nan banjo daga Afirka suka zo da shi. Ya yarda sun zo da molo, bai tambayi da wane harshe suke rera waƙar ba.

Aikin da bai yi ba, wani ya yi shi da irin kayan aikinsa. A Firitawun, Sigismund Koelle ya zauna da 'yantattun bayi ya cike jerin kalmomi kusan 300 a harsuna fiye da ɗari, Hausa na ciki, aka buga Polyglotta Africana a 1854. A Amurka kuwa sai a 1949 Lorenzo Dow Turner ya nuna dubban kalmomi da sunayen Afirka da suka rage a bakin al'ummar Gullah.

Batun rubutu ma haka. Labarin Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu da aka bautar a Merilan a 1731, wanda wasiƙarsa ta Larabci ta zama sanadin fansarsa, an buga shi a Landan tun 1734. Einboden (2020) ya nuna cewa a watan Oktoba 1807 wani mai suna Ira Nash ya kawo wa Jefferson, yana kan mulki, takardu biyu na Larabci da wasu 'yan Afirka da aka tsare a Kentaki suka rubuta, shi kuma ya tura su ga masana a Filadalfiya don a karanta. Wannan bai sa an gyara ko kalma ɗaya ta babi na goma sha huɗu ba. Game da Euclid kuwa, Clapperton ya ba da labari a tafiyarsa ta biyu zuwa Sakkwato (1826-1827) cewa ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana duba fassarar Larabci ta littafin da ya kawo masa tsaraba, Bello kuma ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafe daga Makka, gobara ta cinye.

Sai dai akwai tarko a cikin irin wannan martani, kuma masu nazarin adabin Afirka sun sha faɗawa cikinsa. Wanda ya amsa wa Jefferson da jerin malaman Tambutu da Sakkwato kaɗai ya riga ya yarda da sharaɗinsa, cewa alƙalami ne ke tabbatar da mutuntaka. Ina makomar makaɗin fada, da mai kirari, da tsohuwa mai tatsuniya, waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba? Amsar da ta fi ƙarfi tana cikin littafin shi kansa, a babi na shida: a nemi fasahar al'umma a fagen da ta tanadar mata, a kuma saurare ta da harshenta. Ƙa'idar tasa ce. Iyakarta ce ya gajarta.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Kalmomin Sanarwar 1776 game da daidaiton 'yan Adam sun kuɓuce wa mai su. Matan da suka taru a Seneca Falls a 1848 sun ara, Frederick Douglass ya kafa hujja da su a 1852, Ho Chi Minh ya buɗe sanarwar Biyetnam da su a 1945, Martin Luther King ya nemi a biya bashinsu a 1963. Turawan Rodeshiya ma sun kwaikwayi zubin Sanarwar a 1965, amma suka cire maganar daidaito, alamar sun fahimci nauyinta sarai. Babi na goma sha huɗu shi ma ya yi 'ya'ya: masu kare bauta sun dogara da shi, masu neman kwashe baƙaƙe zuwa Laberiya ma haka. Ya kuma haifar da abin da marubucin bai zata ba. David Walker, a cikin kiransa na 1829, ya nemi kowane baƙin mutum ya sayi Notes ya damƙa wa ɗansa, yana mai cewa baƙaƙe da kansu ya kamata su rusa maganar, kada su bar wa abokansu Turawa. Gates (2003) yana ganin daga wannan yunƙuri na mayar wa Jefferson martani ne babban reshe na adabin baƙaƙen Amurka ya tsiro. Ribar tana da tsada, domin ta sa an daɗe ana karanta waƙar baƙin mawaƙi a matsayin shaida a gaban kotu kafin a karanta ta a matsayin waƙa.

Jefferson ya 'yanta bayi biyu a hukumance yana raye, biyar kuma a wasiyyarsa. Ya bar bashin da ya haura dala 100,000, kuma a watan Janairu 1827 aka fara gwanjon mutum 130 na gandunsa. Wasu daga cikin waɗanda suka zauna a Monticello sun bar labarinsu, irin labarin nan tsurarsa da ya rena. Isaac Granger Jefferson, maƙeri, ya ba da nasa a 1847. Madison Hemings ya ba da nasa ga wata jaridar Ohayo a 1873, inda ya ce shi ɗan Jefferson ne ta wajen baiwarsa Sally Hemings. Fiye da shekara ɗari manyan masana tarihi suna watsi da wannan shaida, wasu na cewa lafazinta ya fi ƙarfin tsohon bawa, don haka editan ne ya rubuta, suna kuma karɓar musun jikokin Jefferson farare ba tare da bincike ba. Annette Gordon-Reed ce ta jera shaidun ɓangarorin biyu a kan ma'auni ɗaya a 1997. Gwajin ƙwayar halitta na 1998 ya danganta zuriyar ƙanen Madison, wato Eston Hemings, da jinin gidan Jefferson, kuma a shekarar 2000 gidauniyar da ke kula da Monticello ta bayyana cewa mafi rinjayen hujja ya nuna shi ne uban 'ya'yan Sally Hemings shida.